Filin Tambayoyin Masu Karatu: PLC Yana Kira, Inbata Ta Yi Shiru

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk wuri ɗaya suka dosa: 'yan wayoyin nan biyu ko uku da ke haɗa PLC, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da injinan masana'anta, da sauran na'urorin fanel. Wurin da ake ɗaura su shi ne ƙofar siriyal, inda saƙo ke fita bit ɗaya bayan ɗaya, kowane bit kuwa sifili ne ko ɗaya. Na zaɓi guda shida daga nan Jos da kewaye. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunayen mutane da na kamfanoni kamar yadda muka saba.

TAMBAYA, daga Bukuru, mai gyaran lantarki a masana'antar abincin kaji: Malam Injiniya, barka da aiki. Muna da PLC ɗaya da inbata uku masu sarrafa gudun injinan niƙa da na gauraya, duk a kan layin sadarwa irin na RS-485. Ta biyu ta ƙone, maigida ya sayo sabuwa. Na mayar da wayoyi yadda na same su. Ta ɗaya da ta uku suna aiki, sabuwar kuwa allo sai ya ce babu amsa. Da hannu tana tashi lafiya lau. Maigida har ya fara cewa ko jabu aka sayar masa.

AMSA: Ƙanena, barka kadai. Ka ce wa maigida ya dakata da zancen jabu tukuna. Inbatar da ke tashi da hannu lafiya, ta kuma ƙi amsa kiran PLC, sau tari saitin sadarwarta ne ba a taɓa ba tun da aka fito da ita daga kwali.

Ba ka faɗi tsarin da layinku ke bi ba, amma PLC da inbata a kan RS-485 a masana'antunmu kusan kullum Modbus RTU ne, don haka a kansa zan yi magana. Kamfanin Modicon na Amurka ne ya fito da Modbus a 1979, kuma har yau tafiyarsa ɗaya ce: na'ura guda ke tambaya, ita ake kira masta, sauran ba sa buɗe baki sai an ambaci lambarsu. Kamar malami ne yana kiran suna a aji, wanda aka kira shi kaɗai zai ce na'am. Lambobin daga 1 ne zuwa 247. Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Idan saƙo ya iso wa inbata a gurɓace, ko da saurin da ba nata ba, ko da lambar wata, ba za ta ce an yi kuskure ba. Shiru za ta yi, domin haka aka tsara ta. Shi ya sa matsaloli huɗu ko biyar mabambanta duk suke fitowa a allo da fuska ɗaya: babu amsa.

To ka ɗauki takarda da biro, ka je gaban inbata ta ɗaya wadda ke aiki, ka shiga rukunin saitin sadarwa, ka kwafe abin da ke ciki. Kada ka dogara da abin da wani ya ce ya tuna. Za ka ga saurin aike, wanda ake kira baud, galibi 9600 ko 19200. Za ka ga adadin bit na saƙo, wanda a RTU dole 8 ne. Za ka ga fariti, harafin E ko O ko N. Sai bit na tsayawa, 1 ko 2. Su ne ake dunƙulewa a rubuta 9600, 8, E, 1.

Bari in ɗan tsaya a kan fariti, don shi ya fi wahalar da yaranmu. Bit ne guda da mai aikawa ke ƙarawa bayan takwas ɗin, domin jimillar ɗaya-ɗayan da ke ciki ta zama cika idan an zaɓi E, ko mara idan an zaɓi O. Mai karɓa ya ƙirga, in lissafi bai fita ba ya yar da harafin. N na nufin babu shi sam. Ƙa'idar Modbus ta ce asalin saiti E ne da bit na tsayawa 1, in kuma an cire fariti a mai da na tsayawa 2, domin kowane harafi ya ci gaba da zama bit 11. Sai dai masu ƙera na'ura da yawa suna fitar da kayansu a kan 8, N, 1, wato bit 10. Don haka PLC ɗinku na iya kasancewa a kan E, sabuwar inbata a kan N, sauri ɗaya, waya ɗaya, amma su kwana su wuni ba su fahimci juna ba. Ka kuma duba ko RTU aka zaɓa ko ASCII. Dukansu Modbus ne, salon rubuta saƙo ne ya bambanta, amma ba sa zama a waya ɗaya. PLC na Delta DVP, alal misali, daga kamfani a kan ASCII yake zuwa, 9600, 7, E, 1, sai mai shirin ya juya shi da kansa.

Amma kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, fara da adireshi. Sabuwar inbata galibi da lamba 1 take zuwa. Idan ka gyara sauri da fariti ka bar ta a 1, duk sa'ad da PLC ya kira ta ɗaya su biyu za su amsa lokaci guda, amsoshin su cakuɗe, wadda ke aiki jiya ma ta fara kawo kuskure, kai kuma ka ɗauka ka ɓata wani abu. Sa mata 2 tun farko. Da ka gama, kashe wutarta gaba ɗaya, ka jira allonta ya mutu, sannan ka kunna, domin da yawansu ba sa karɓar sabon saitin sadarwa sai an yi haka.

In har yanzu shiru, juya wayoyin A da B a kan sabuwar kaɗai. Ba abin da zai ƙone. Kamfanoni ba su haɗu a kan wanne ne A wanne ne B ba: a kayan Siemens B ne mai alamar +, a na'urori da yawa na China kuwa A ne. Inda aka rubuta + da −, ka bi su ka manta da haruffan.

Ko sadarwa ta kama, inbata ba za ta tashi ba sai ka gaya mata daga ina za ta karɓi umarnin tashi da na gudu: daga maɓallan jikinta, daga wayoyin makunni, ko daga layin sadarwa. Ka ce da hannu tana tashi, ke nan har yanzu maɓallanta take saurare. Sannan ba ka ce ko sabuwar irin tsohuwar ce ba. In kamfaninsu daban, rajistar da ake rubuta umarnin tashi a cikinta, wato gurbin ajiye lamba a cikin inbata, ita ma daban ce, kuma babu saitin da zai gyara wannan, dole a buɗe shirin PLC a sauya lambobin. A nan ne za ka nemi wanda ya rubuta shirin.

Ina roƙonka don Allah, ranar gwaji ka tabbata babu kowa kusa da injin niƙa, babu wanda ya zura hannu yana share bututu. Da zarar sadarwa ta kama, umarnin da PLC ya daɗe yana turawa zai shiga nan take, inji ya tashi ba sallama. Kuma bayan ka kashe wuta, kada ka kai hannu cikin inbata sai mintunan da aka rubuta a jikinta sun cika, akwai wutar da ke kwance a ciki.

TAMBAYA, daga hanyar Zariya, mai kula da injina a kamfanin ruwan roba: Oga, namu yana aiki amma yana yankewa. Da safe lafiya. Da an tada babban famfon rijiyar burtsatse sai allo ya riƙa kawo kuskuren CRC. Famfon da inbatarsa suna wani gini, kamar mita 200 daga fanel. A daminar bara kwanbata biyu, wato na'urorin da ke juya saƙo daga wani irin layi zuwa wani, suka ƙone mana. Wani ya ce in rage sauri zuwa 2400, wani ya ce a sayi sabon PLC.

AMSA: Malam, sannu da fama. Kada ku sayi PLC, kada kuma ka taɓa fariti ko adireshi. Layin da ya yi aiki da safe ya riga ya ba da shaidar cewa saitinsa daidai ne. CRC bayit biyu ne (bayit ɗaya bit takwas ne) da ake liƙawa a ƙarshen kowane saƙo, sakamakon lissafin da aka yi da duk abin da ya gabace su. Mai karɓa ya sake lissafin, in bai dace ba ya san wani bit ya juye a hanya. Wato amsa tana zuwa, amma da rauni take isowa. Matsalar tana jikin waya. Rage sauri na iya lafar da ita na ɗan lokaci, ba zai hana kwanbata ta uku ƙonewa ba.

RS-485, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1983, don wuri mai hayaniyar lantarki irin naku aka yi shi. Mai karɓa bambancin wutar da ke tsakanin A da B yake dubawa, kuma bambancin 0.2V ya ishe shi. Idan hayaniyar famfo ta hau wayoyin biyu daidai wa daida, bambancin bai sauya ba, saƙo ya tsira. Hakan kuwa ba ya samuwa sai wayoyin biyu suna murɗe da juna tun daga farko har ƙarshe. Na sha buɗe fanel a garin nan in tarar an ja layin sadarwa da wayar fitila, ko da kebul na intanet amma an ɗauko A daga shuɗiya, B daga mai ruwan lemo. Kebul na intanet yana yi a tazara irin taku, da sharaɗin A da B su fito daga tagwaye ɗaya, shuɗiya da abokiyar murɗinta. Mita 200 ba wani abu ba ne, layin na iya kai mita 1,200 a ƙaramin sauri.

Sai hanyar da kebul ɗin ya bi. Ina kyautata zaton rami ɗaya aka haƙa, aka zuba wayar wuta da ta sadarwa cikin bututu ɗaya don a rage kuɗin lebura. Wayar da ke fita daga inbata zuwa famfo ita ce mafi hayaniya a duk masana'anta, domin inbata tana yanka wuta ne sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Ni nakan bar aƙalla santimita 30 tsakanin wayar wuta da ta sadarwa. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce, kada su jera.

Ga gwajin da ba zai ci maka minti biyar ba. Kashe wutar komai, sa mitar gwaji a kan om, ka auna tsakanin A da B. Layi mai lafiya yana da rasista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 120 a kowane ƙarshe, biyu ke nan ba ƙari, don haka za ka ga kusan 60. Ka ga 120, ɗaya ce kawai a layin. Ka ga 40, wani ya kunna ta uku a tsakiya, galibi ta ɗan makunnin nan da ke jikin inbata. Ka ga dubbai, babu ko ɗaya, saƙo na kaiwa ƙarshen waya yana dawowa yana karo da na bayansa. Ƙarshe biyu kuwa na nufin layin ya zama guda: daga PLC zuwa na'ura ta farko, daga ita zuwa ta biyu, har ta ƙarshe. Idan kowace na'ura an ja mata nata kebul daga fanel, ƙarshen ya zama huɗu ko biyar, babu inda za ka sa rasista ta yi daidai.

Ƙonewar kwanbata ita ta fi damuna. Ana cewa RS-485 waya biyu ne, amma mai aiki da shi ya san uku ne. Ta ukun ita ce wadda ake rubuta wa COM ko SG ko GND a gefen A da B, aikinta ta daidaita sifilin na'urorin. Ƙwayar da ke karɓar saƙo daga −7V zuwa +12V kawai take aiki daidai, idan aka auna daga nata sifilin. Gini biyu, kowanne da nasa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, wani lokaci wannan na kan janareta wancan na kan wutar gari, bambancinsu na iya wuce haka ko da rana tsaka. Mu kuma a Jos kan dutse muke zaune, kimanin mita 1,200 sama da teku, ƙasa mai duwatsu ba ta shanye wuta da sauƙi, ga tsawar da muke sha daga Afrilu zuwa Oktoba. Ba sai aradu ta faɗo a kan gininku ba. Ta faɗi a unguwa ma, wutar ƙasan ginin nan ta ɗaga ta bar ta wancan na ƙiftawar ido, kuma wayar sadarwarku ce ta haɗa su, ta nan za ta bi.

Saboda haka ka haɗa waya ta uku. Ragar ƙarfen da ta lulluɓe kebul ka ɗaure ta da ƙasa a gefe ɗaya kawai, gefen fanel. Kwanbatar da za ku saya ta zama mai keɓe wuta, wadda aka rubuta ƙarfin keɓewarta a jiki, ko da ta fi tsada. Ku sa na'urar kare tsawa ta layin sadarwa a inda kebul ya shiga kowane gini. In maigida na da hali, ra'ayina shi ne a ja faiba, wato kebul na zaren gilashi, tsakanin ginin biyu, da kwanbata a kowane gefe. Gilashi ba ya ɗaukar wuta.

TAMBAYA, daga Anglo-Jos, ɗalibar fannin lantarki da ke sanin makamar aiki: Baba Injiniya, ina wuni. An ba ni aikin kwafe shirin wani tsohon PLC. Laftof ɗina ba shi da ƙofar siriyal, sai na sayi kebul na USB mai kai fil tara a Terminus. Manhajar tana cewa ba ta ga na'ura ba. Ina jin nauyin sake tambayar ogana.

AMSA: 'Yata, lafiya lau. Ki koma ki tambaye shi. Duk ogan kirki ya fi son tambaya goma a kan ƙofar PLC ɗaya da ta ƙone, kuma don ki tambaya aka turo ki.

Kafin nan ki zare kebul ɗin, ki nemo littafin wannan PLC. Kai mai fil tara ba shi ne shaidar RS-232 ba, wato irin siriyal ɗin da kebul ɗinki ke fitarwa. A Siemens S7-200 irin wannan kan ne, amma RS-485 ne a fil na 3 da na 8, kuma akwai wutar 24V a fil na 7, wadda za ta iya kashe kebul ɗinki. Mitsubishi FX mai zagayayyen kai kuma RS-422 ne. Irin waɗannan kowanne da nasa kebul na musamman.

In littafi ya tabbatar RS-232 ne, sai mu bi daga laftof zuwa waje. Ki buɗe Device Manager a Windows, ki soka kebul ɗin, ki ga ko COM da wata lamba sun bayyana. In alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ce ta fito, manhajar direba ce babu. Ki duba ƙwayar da ke cikin kebul ɗin, ko FTDI ce, ko CH340, ko PL2303, ko CP2102, ki sa tata. Lambar COM kan sauya in kin sauya ramin USB, kuma wasu tsofaffin manhajoji daga COM1 zuwa COM4 kawai suke gani. In an ba ki COM11, ki shiga saitin ƙofar a nan Device Manager ki mai da ita COM2 ko wata da ba kowa a kai. Manhaja ɗaya ce ke riƙe ƙofa a lokaci guda, don haka ki rufe duk wata da ke buɗe.

Yanzu ki gwada kebul ɗin shi kaɗai. Ki haɗa fil na 2 da na 3 da ɗan guntun waya, ki buɗe manhajar PuTTY ko Tera Term a kan wannan COM, ki buga haruffa. Fil na 3 ke aikawa, na 2 ke karɓa, don haka abin da kika buga zai zagayo ya fito a allo. Ki cire guntun wayar, ya daina. In haka ta faru kebul ɗinki lafiya yake, saura wayar da ke tsakaninsa da PLC: wasu miƙaƙƙiya suke so, wasu wadda aka gitta 2 da 3. Mitar gwaji za ta raba miki gardama. A RS-232 fil ɗin da ke aikawa, in ba ya aika komai, wuta mai alamar − yake nunawa idan kin auna shi da fil na 5, wani abu tsakanin −5V da −15V. Ki auna gefen laftof, ki auna gefen PLC. Mai aikawa na nan dole ya faɗa kan mai karɓa na can.

Ki kula sosai da maɓallin da za ki danna. A yawancin manhajoji Upload ne ke ɗauko shiri daga PLC zuwa laftof, Download kuma ya tura na laftof ya danne na PLC. In kika tura fanko a kan tsohon injin da ba shi da kwafi a ko'ina, masana'anta ta tsaya. Ki sa ogan ya tsaya kusa da ke a karon farko.

TAMBAYA, daga Farin Gada, akawun sikelin manyan motoci a ma'ajiyar masara: Malam, an sauya mana kwamfuta. Yanzu nauyin da sikeli ke turowa, 0 da 3 da 5 da 6 da 9 suna fita daidai, amma 1 da 2 da 4 da 7 da 8 sai su zama wasu baƙin alamomi. Kuma ana shirin mai da ofis can baya, kamar mita 60.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka lura har haka, domin tambayarka ta zo da amsarta. Saurinku daidai ne, da ba daidai ba ne da komai zai zama shirme. Sikelinku yana aikawa a kan 7, E, 1, sabuwar kwamfuta tana karɓa a kan 8, N, 1. Duka biyun bit 10 ne, shi ya sa haruffa ke isowa a jere, amma kwamfuta tana ɗaukar bit na fariti a matsayin na takwas na saƙo. Lambobin da ɗaya-ɗayansu cika ne faritinsu sifili ne, sai su fita lafiya. Waɗanda suke mara, wato 1, 2, 4, 7 da 8, faritinsu ɗaya ne, sai su koma wani harafi. Ka shiga saitin manhajar sikeli ka mai da bit na saƙo 7, fariti E. Shi ke nan.

Mita 60 kuwa ta yi wa RS-232 nisa. Tun 1960 yake, kuma don na'urori biyu da ke kusa da juna aka yi shi, kimanin mita 15 ake ba shi. Ku sayi kwanbata biyu masu juya RS-232 zuwa RS-485, ɗaya a ɗakin sikeli ɗaya a ofis, da murɗaɗɗen kebul a tsakani. Nauyin masara kuɗin mutane ne, lamba ɗaya ta juye a hanya an cuci manomi ko an cuci maigida.

TAMBAYA, daga Rayfield, mai haɗa sola: Injiniya, na haɗa mitar wuta da allon fanel ta Modbus. Mita tana nuna 230V, allo yana nuna 17254. In wuta ta hau 231 sai ya zama 17255.

AMSA: Abokina, ina taya ka murna, sadarwarka ta kama, kada ka sake taɓa waya. Rajistar Modbus bit 16 ce, mitarka kuwa tana ajiye awon a lamba mai ɗigo ta bit 32, wato rajista biyu a jere. Kai rabin farko ka karanta. A wannan tsarin, 230 rabinsa na farko 17254 ne, na biyu 0. Ka gaya wa allo ya ɗauko rajista biyu ya karanta su a matsayin Float. In sakamakon ya fito kusan sifili ko wata lamba marar kan gado, rabin biyun ne a juye, domin ƙa'idar Modbus ba ta faɗi wanne zai riga ba, kowane kamfani da nasa. Akwai zaɓin musanya su a saitin allo.

Tunda za ka ƙara wasu awon, ka san cewa rajistar da littafi ya kira 40001, a kan waya adireshinta 0 ne. Wasu manhajoji daga 0 suke ƙirga, wasu daga 1, don haka in ka ga lamba marar ma'ana ka matsa gaba ko baya da ɗaya. Masu fara da 4 ana karanta su da umarni na 03, masu fara da 3 da umarni na 04. In kuma mita ta mayar maka da kuskure mai lamba 02, ta ji ka sarai, cewa take ba ta da wannan rajistar.

TAMBAYA, daga hanyar Bauchi, mai injin casar shinkafa: Injiniya, ɗan kwangilar da ya haɗa mana injina yana Legas. Ko ƙaramar matsala ce sai mun biya masa kuɗin jirgi, don babu wanda ya san saitin sai shi. Yanzu ya ce siriyal tsohon yayi ne, a cire a sa na intanet, ya riƙa duba mana daga can.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tsufa ba laifi ba ne ga layin da ke aiki. A saurin 9600, harafi mai bit 11, layi na ɗaukar kimanin bayit 870 a daƙiƙa. Tambayar rajista 10 bayit 8 ce, amsarta bayit 25, duka ba su kai milisakan 40 ba. Ko an ƙara ɗan shirun da ake bari tsakanin saƙo da saƙo, PLC zai zagaya inbata biyar ko shida fiye da sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Injin casa ba ya neman fiye da haka. In kun ga layi na jan ƙafa, galibi wata na'ura ce ta mutu ko aka cire ta, PLC yana ta kiranta yana jira har wa'adi ya ƙare, sauran na jiransa.

In kuna son a riƙa gani daga nesa, ba sai an cire komai ba. Akwai ƙaramar na'ura mai juya Modbus RTU zuwa Modbus TCP, wato Modbus na intanet, a ɗaura ta a layin da ke nan. Sai dai ku sani, Modbus ba shi da kalmar sirri. Duk wanda ya kai ga ƙofarsa, lamba 502 a intanet, zai iya tada inji ko ya tsayar da shi. Kada a taɓa buɗe ta kai tsaye. A bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a intanet, ya zama kuma akwai makunni a ofishinku da za ku kunna in kuna son a shiga, ku kashe in an gama. Maɓallin tsayar da inji na gaggawa kuwa da wayarsa ta kansa zai yanke wuta, kada ya bi ta siriyal ko intanet. Ku tambaye shi kuma abin da ya saita kowace inbata ta yi in sadarwa ta yanke, ta tsaya ko ta ci gaba da gudu. A injin da mutane ke aiki a bakinsa, ni tsayawa nake zaɓa.

Abin da ya ɓata mini rai a wasiƙarku shi ne cewa babu wanda ya san saitin sai mutum ɗaya. Ku kuka biya kuɗin aikin, saitin naku ne, kuma a garin nan muna da yara masu ƙwazo da za su iya gyara mafi yawan matsalolin in an bar musu abin dubawa. A zuwansa na gaba ku nemi takarda ɗaya: sunan kowace na'ura da adireshinta, sauri da fariti da bit na tsayawa, RTU ko ASCII, launin wayar da ke A da B da ta uku, inda rasista biyun suke, da jerin rajistar da PLC ke karantawa da rubutawa. A liƙa kwafi cikin leda a bayan ƙofar fanel, ɗaya a ofis. Ya ba ku kwafin shirin PLC da na allo a filashi, tare da kalmar sirrinsu. Sannan ku sa mai gyaran lantarkinku ya buɗe shirin a gabansa da wani laftof, a tabbatar yana buɗuwa kuma shi ne wanda ke cikin injin, kafin ku biya cikon kuɗin.